Maganin Ƙirjin Mushe

Ba zan taɓa mantawa da ranar Alhamis ɗin da mutanen ƙauye suka tara mini hatsi ba, kuma har yau in na tuna ta sai haushi ya turnuƙe ni. Haushin mutum uku nake ji: mai shagon da ya sayar mini da abin, da abokina Isufu da ya faɗa mini gaskiya (babu abin ban haushi kamar abokin da maganarsa ta tabbata), da wani malamin makaranta mai girman kai wanda, in kun matsa mini, ni ne.

Lokacin ina daraktan wata 'yar makaranta a wani ƙauye can gefen Dogon Kiriya. Aji uku ne, biyu na laka, ɗaya na zana. Yaro da babba "mushe" suke ce mini, kamar yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, kuma ana ganin girmana har fiye da yadda na cancanta. Sirrina ɗaya ne: shekara goma sha biyar ina shan sigari. A ƙauyen babu wanda ya sani sai matata Ramatu, don in abin ya motsa buta nake ɗauka in nufi bayan gari. Ina jin da yawa sun ɗauka ciwon ciki ne da ni.

Da tarin safe ya fara damuna, Ramatu kuma ta hana ni sakat, sai na yi niyyar bari. Na kai kukana wurin Isufu, abokina tun muna 'yan makaranta, wanda ke aikin ofis a Dogon Dutsi. Shi ya riga ya koma sigarin lantarki, irin wanda ake zuba wa ruwa a yi masa caji, yana ta rage sha a hankali. Shawararsa gajeriya ce. Ya ce in sayi ƙaramin, mai kamar biro, na jika takwas, wato sefa dubu takwas, in gwada wata ɗaya. In ya karɓe ni to, in bai karɓe ni ba asarar kaɗan ce. Ya ce kada in yarda a haɗa ni da wanda sai an aika Yamai neman kayansa, kuma kada in sayi komai bayan shi ranar farko. Na ce na ji. (Na ji ɗin, da kunne.)

Ƙarshen wata na sauka Dutsi karɓar albashi, na wuce wani shago kusa da tasha inda ake sayar da kayan waya. Mai shagon ya jera mini guda uku a kan tebur. Ga ƙaramin da Isufu ya faɗa, ga matsakaici, ga kuma wani baƙi, ƙato kamar sandar sabulu, mai batir biyu da tulun gilashi a ka, da ɗan allo a jikinsa da ke nuna lambobi. Hannuna na kan ƙaramin sai ya tambaye ni aikina. Na ce ni darakta ne. Mutumin nan, don tsabar iya ciniki, sai ya zare ƙaramin daga hannuna ya mayar ƙarƙashin tebur, ya ba ni haƙuri, wai bai sani ba, wannan na 'yan kabu-kabu ne.

Shi ke nan fa, ya gama da ni. Na biya jika arba'in da biyar na ƙaton. Sannan ya ce ai ƙaton ba ya shan caji da wayar kowa, sai tasa. Na saya. Ya ce mutumin ƙauye sai da batir na ajiya. Na saya. Ga jakar fata don kada gilashin ya fashe, ga kwalabe uku na ruwa, ɗaya mai ƙanshin mangwaro, ɗaya na'ana'a, ɗaya ma ban iya karanta sunansa ba. Na fito shagon jika sittin da biyu ta bar aljihuna, ina tafiya ina jin kaina kamar gwamna.

Abin da bai faɗa mini ba (kuma Allah na ganinsa) shi ne akwai wata 'yar waya a ciki da ke ƙonewa duk bayan kwana goma, irin ta ƙaton kuma sai Yamai. Bai faɗa mini yana shan ruwa ninki uku na ƙaramin ba. Bai tuna mini cewa ƙauyenmu ba lantarki ba, kuma mai cajin hasken rana kuɗin waya biyu zai riƙa karɓa a kan batir biyu. Uwa uba, bai ce mini abin ba ya ɓoyuwa ba. In na sa shi a aljihu, riga ta rinjaya gefe ɗaya. In na ja sau ɗaya, hayaƙi ya tashi kamar ana ƙona gona.

Kwana biyar kacal na yi kafin a kama ni. Da yamma ne, yara sun tashi, ina zaune cikin aji na ja na busa, sai ga Baba Arzika a bakin ƙofa. Shi ne shugaban kwamitin iyayen yara, dattijo mai shekara saba'in da wani abu, wanda ya bi gida gida har aka cika mini azuzuwa. Ya zo ne kan maganar sabuwar zana. Ya tsaya yana kallon gajimaren da ke tsakanina da shi, ya shaƙi ƙanshin mangwaro a watan da ko ɗanyensa babu.

Ya ce, "Mushe, mi ne ne wanga?"

Da ƙaramin ne, da na dunƙule shi a hannu na ce turare ne. Amma ga abu a kan tebur yana walƙiya da lambobi kamar kayan asibiti, sai kawai bakina ya ce maganin ƙirji ne, likita ya rubuta mini a Yamai. Ya matso ya leƙa ɗan allon, ya tambaya ko lambar nan ita ke nuna ƙarfin ciwon. Na ce ƙwarai. (Cajin batir take nunawa.) Ya girgiza kai, ya ce Allah shi sawwaƙa, ya fita yana tari, don shi kam tarin gaske gare shi, shekara uku yana fama.

Kafin magariba duk ƙauye ya san mushe ba shi da lafiya. Washegari gaisuwa ta koma "ya ƙarfin jiki". Tsofaffin mata suka fara aiko da zuma da saƙe-saƙi da kunu. Liman ya sa ni cikin addu'a bayan sallah. Ga abin da ya fi ba ni kunya: na ji daɗi. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana laɓewa bayan gari, yau ga shi gindin bishiya tsakiyar jama'a yana busa hayaƙi ana ce masa sannu. Ramatu kuwa ta ce ba ruwanta, in mata sun zo dubiya ba za ta ƙaryata ni ba, ba kuma za ta taya ni ba. Ta ce ramin ƙarya ƙurarre ne, in ci gaba da haƙa. Na ce mata ita ba ta san sha'anin zaman jama'a ba.

Da na tsaya nan, da wataƙila da sauƙi. Amma na'urar nan ta dinga cin kuɗi, ni kuma bakina bai iya shiru ba. Duk sanda 'yar wayar ta ƙone sai in ba direban motar kasuwa saƙo zuwa Dutsi, daga can a aika Yamai, in biya kuɗin kaya in biya kuɗin saƙo. Gilashin ya fashe sau ɗaya duk da jakar fatar. Cikin wata uku na kashe abin da ko sigari bai taɓa ci mini ba. Sai in zauna majalisa ina ƙorafi, wai maganin nan zai ƙarar da ni, albashi ba ya kai ni tsakiyar wata. Ƙorafin gaskiya ne fa. Na manta dai cewa mutanen da nake yi wa shi suna da zuciya.

Bayan girbi, a shekarar da damina ba ta yi wani kirki ba, ranar Alhamis da hantsi aka ce in fito filin makaranta ana nemana. Na ɗauka maganar zuwan mai duba makarantu ce. Na tarar an shimfiɗa tabarmi, ga maigari, ga liman, ga iyayen yara maza a gaba mata a baya. A kan kujera kuma ga Madam Salamatu, majo, wato shugabar ɗan asibitin da ke ƙauyen gaba, wadda ta zo rigakafin yara suka roƙe ta ta tsaya. A gefe ga amalanke da buhu biyu da rabi na hatsi.

Baba Arzika ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce mushe baƙo ne da ya bar garinsu ya zo yana koya wa 'ya'yansu, ga ciwo ya same shi, ga magani da tsada, kuma ba a san Arewa da barin baƙo cikin wahala ba. Don haka kowane gida ya kawo kwanon awo, tiya ɗaya, mai hali biyu, a sayar a sayi magani. Daga baya na ji shi kansa tiya uku ya zuba. Na san rumbunan mutanen nan. Na san gidajen da kafin bazara za su koma cin abinci sau ɗaya a rana. Ina zaune ina ta jin haushin mai shago, kamar shi ya buɗe mini baki.

Sai Baba Arzika ya ce in kawo na'urar a nuna wa majo, ko gwamnati na da irinta mai rahusa. Na miƙa mata. Ta juya ta, ta shinshina, ta dube ni ta saman tabarau. Sai ta maido mini. Na ce a raina Allah ya yi wa matar nan albarka, na tsira.

Nan tari ya sarƙe Baba Arzika, irin mai tsawo, har sai da aka ba shi ruwa. Da ya lafa sai ya share ido ya miƙo mini hannu.

"Tunda majo ta gani ba ta hana ba, ba ni in ja ko sau guda, mushe. Na daɗe ina son in roƙe ka, kunya ta hana ni. Wataƙila nima in samu barci."

Na dubi majo. Ta harɗe hannu a ƙirji tana kallona, ta bar ni da halina. Ga hannun tsoho a miƙe, ga mutum sun fi sittin sun zuba ido. Ni dai maƙaryaci ne, na yarda, amma ban kai in zuba wa wannan ƙirjin hayaƙi ba.

Na ce, "Baba, ba magani ba ne. Taba ce."

Wani saurayi ɗan kasuwa, cikin masu ɗage wando, ya yi a'uziyya da ƙarfi. Can baya wata tsohuwa, wadda zumarta na shanye kwalba guda, ta tafa hannu tana salati. Maigari ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa. Da ƙasar za ta tsage a lokacin, da na shige ban ko yi sallama ba.

Baba Arzika ya janye hannunsa a hankali. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Tambaya kawai ya yi, nawa na saye ta. Na so in rage, amma mutum ba ya ƙarya biyu a tabarma ɗaya, sai na faɗi gaskiya har da jakar fata. Liman ya ce a hankali, amma kowa ya ji, wannan ai kuɗin rago ne mai kyau. Tsohon ya laluba aljihu ya fito da 'yar battarsa ta garin taba, ya ɗaga ta sama.

"Tawa ta dala biyar ce, kuɗin goro ɗaya. Shekara hamsin muna tare, ban taɓa sa liman shi yi mata addu'a ba."

Aka fashe da dariya, har da majo. Na miƙe na ba da haƙuri, na roƙi kowa ya ɗauki hatsinsa. Baba Arzika ya ce a'a.

"Hatsin da anka gama cikin buhu, wa ka rarrabe shi? Kuma mai ciwo munka tara ma. Ciwo kam kana da shi, mushe, wurin da yake ne dai munka ɓata."

Haka aka tura mini amalanken har ƙofar gida. Ramatu ta leƙo ta ga buhuna, ta ga fuskata, ta juya ta koma ciki, abin da ya fi zagi ciwo. Hatsin dai kunu aka riƙa dama wa yaran makaranta da shi har ya ƙare, kuma duk safiya sai na ji ƙanshinsa daga ofis. Baba Arzika kuwa majo ta ba shi takarda, na kai shi babban asibitin Dutsi aka duba shi, aka ɗora shi kan magani na gaske. A wannan tafiyar na mayar wa mai shago kayansa. Ya juya su yana yatsina fuska, ya ce jika goma zai iya bayarwa, don yanzu an daina yayin irinsu. Na karɓa. Da na je wa Isufu da labari, sai da ya kwanta ƙasa don dariya, sannan ya ce ai ya faɗa mini. Wata biyu ban kira shi ba.

Na ɗauka magana ta wuce. Sai da damina ta zagayo zazzaɓin sauro ya kayar da ni, kwana huɗu ko zaune ba na iyawa. Babu zuma, babu kunu, babu mai sallama. Rana ta huɗu na ji muryar Baba Arzika a tsakar gida. Bai shigo ɗakin ba tukuna. Ramatu ya kira gefe, yana rage murya, amma katangar laka ba ta riƙe sirri.

"Ɗiyata, hwaɗa min tsakaninki da Allah. Wanga karon na gaske ne?"

Sai da ta rantse sannan ya shigo ya dafa goshina.

To, ga abin da na koya, kyauta na ba ku don ni na riga na biya. In za ka sayi abu, kada ka tsaya a kan nawa ne. Tambayi me zai riƙa ci bayan ka kai shi gida, kuma in mai shago ya tambayi aikinka, ce masa zaman banza kake yi. Nawa abin albashi na ɗauka zai ci, ashe maganata yake ci. Shekara biyu na ƙara a ƙauyen nan, kuma ko ciwon kai na ce ina yi, sai an nemi shaida.