Muƙamuƙin Mutumin Tafki

"Ni ko a duhu aka miƙo mini haƙori ɗaya," in ji Dakta Lwanyaga, "sai in gaya maka shekarun mai shi, da abin da kakarsa take dafawa, da ko yana munshari."

Haka yake cika baki kullum a ɗakin shan shayi na sashenmu, sashen nazarin ƙoƙon kai da fuska, a jami'armu ta hanyar Masaka. Ɗalibai suna kiransa Ganga, wai ƙara har bakin titi, ciki kuwa fanko. Shekara goma sha huɗu yana babban lakcara. Sau biyu ya nemi kujerar mataimakin farfesa, sau biyu kwamiti ya ce takardun bincikensa ba su kai ba. Dokarmu kuwa sau uku ake nema, wanda ya faɗi a na uku a nan zai tsufa. Saura masa takarda ɗaya, saura wata guda kwamiti ya zauna, kuma kan gogan ko ƙwayar bincike babu.

Ranar nan ya faɗa sito yana bankaɗe-bankaɗe. Damina ta yi wa rufin sito illa, an kwashe kaya a gurguje an cakuɗa su. A cikin kwalin da ake ajiye kwafin tsofaffin ƙasusuwan da aka tono a bakin tafki, sai hannunsa ya faɗa kan wani zubin haƙoran ƙasa na farin siminti, ruwan yoyo ya rine shi ja. Haƙoran gaba fala-fala kamar fartanya, turame sun cinye sun yi sumul, fiƙar hagu ta ɓalgace. Ba suna a jiki, sai lamba ɗari biyu da goma sha huɗu. Murna ta kama shi.

Ya fito da shi rungume kamar jariri, sai ya yi kiciɓis da Nakawunde, tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin gwaji, wadda ta shekara talatin tana kwaɓa simintin haƙora.

"Ssebo, tsaya in duba maka lambar a littafi," in ji ta. A harshen garinmu Ssebo shi ne yallaɓai, Nnyabo kuma uwargida.

"Nnyabo, littafi na makafin ilmi ne. Ni idona ya ishe ni."

"Ai wannan zubin kamar na san shi…"

"Kin san shi? Kina nan shekara dubu arba'in da suka wuce? Je ki wanke kwanukanki."

Ta dube shi, ta dubi abin da ke hannunsa, ta ce, "To, Ssebo." Ta koma kan kwanukanta.

Nan zan ɗan ja ka gefe, aboki. A sashenmu akwai al'ada: duk sabon malami, makon farko zai zauna ya hangame baki ɗalibai su koyi ɗaukar zubin haƙora a kansa. Zubin lamba kawai ake sa masa don kada mai awo ya yi son kai, sunan mai shi kuwa yana littafin Nakawunde. Lwanyaga ma ya hangame nasa shekara goma sha huɗu da suka wuce. Amma mutumin da bakinsa bai taɓa hutawa ba, ina zai tuna rana ɗaya da ya buɗe shi?

Mako uku ya kulle kansa a ofis yana awo yana tauna rake. Ya rubuta shafi arba'in, ya raɗa wa halittar suna Mutumin Tafki na Lwanyaga. Ya kira mai fenti ya rubuta "Farfesa" a ƙofarsa, ya rufe da jarida kafin ranar da zai gabatar da binciken gaban kwamiti. Ya sa aka ɗaure masa akuyar gashi a bayan sashe. Sau biyu Nakawunde tana ƙwanƙwasa ƙofa da littafinta, sau biyu yana cewa ta ciki, "Masu hassada su bi layi!"

Ranar Juma'a zaure ya cika maƙil. 'Yan kwamiti a gaba, a tsakiyarsu shugaban sashe, Farfesa Ocaya, dattijo mai sanyin magana da ba ya dariya sai an yi da gaske. Lwanyaga ya hau mumbari cikin kwat mai ƙyalli, ya ɗaga zubin sama.

"Jama'a, ku dubi turamen nan. Wannan halitta ba ta san aiki ba sai ci. Daga safe har yamma tauna take, kamar akuya. Ku dubi fiƙar nan da ta ɓalgace: dabba ce da ba ta san amfanin kayan aiki ba, komai da baki take fasawa. Ku dubi faɗin muƙamuƙin. Inda baki ya cinye fili haka, me ya rage wa ƙwaƙwalwa? Na rantse muku, mai wannan baki ko yatsun hannunsa ba zai iya ƙirgawa ba!"

Maƙogwaro ya bushe. Ya ɗauki kwalbar lemo, ya laluba bai ga abin buɗewa ba, sai ya kai ta gefen hagu na bakinsa, ɓas, ya tofar da marfin. Wata ɗaliba a layin gaba ta dubi bakinsa, ta dubi zubin, ta cusa gyale a bakinta. Ta kusa da ita ma ta gani. Kafin ya haɗiye lemon, layi uku na kyarma don danne dariya.

Farfesa Ocaya ya gyara tabarau. "Dakta, tun yaushe ake auna ƙwaƙwalwa da haƙori?"

"Tun yau, Ssebo. Da ni aka fara."

"Madalla. Ka duba lambar a littafi?"

"Giwa ba ta tambayar hanya wajen zomo."

"To, bari mu ji ta bakin zomon. Nnyabo Nakawunde?"

Tsohuwa ta miƙe a hankali, ta lashi yatsa, ta buɗe shafi. "Ɗari biyu da goma sha huɗu. Dakta Lwanyaga, makonsa na farko. Sai da muka kwaɓa siminti sau biyu, na farko bai ishi bakin ba."

Zaure ya tarwatse. Wani malami ya faɗo daga kujera.

"Ƙarya ne! Makirci ne!" Lwanyaga ya buga teburi. "A kawo abin ɗaukar zubi yanzun nan a gwada ni, in kunyata matsafa!"

Wayyo, baki shi ke yanka wuya. Nakawunde ta zo da kwaɓinta, ta ce, "Hangame, Ssebo." Ta cusa masa ya cije, aka yi minti uku zaure bai ji muryarsa ba, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin sashe. Da ta zare, ta ɗora tsohon zubin a cikin sabon gurbi, ya zauna daram kamar ƙafa a takalminta.

Gumi ya jiƙa kwat. Amma Ganga ganga ne. Ya matso kusa da kwamiti, murya ƙasa-ƙasa. "Ssebo, awon dai daidai yake. Shafi arba'in ne fa. Ba za a ƙirga mini takardar ba?"

"Ana iya dubawa," in ji Farfesa Ocaya. "Sai dai ka san ƙa'ida. Bincike a kan mutum mai rai ba ya karɓuwa sai mai jikin ya sa hannu, cewa ya karanta abin da aka rubuta a kansa kuma ya yarda." Ya turo masa takardar amincewa da biro.

Gaba kura, baya sayaki. In ya ƙi, babu takarda, babu kujera har abada. In ya sa hannu, to ya sa. Ya tuna fentin ƙofa, ya jiyo akuya tana kuka a bayan taga, tausayin kansa ya kama shi. Ya runtse ido ya rattaba hannu.

Farfesa Ocaya ya ɗaga takardar, ya duba ta sama da ƙasa, ya nuna wa 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gyaɗa kai.

"Dakta, muna taya ka murna. Kwamiti ya karɓi bincikenka, mai bincike ya rantse, mai baki ya tabbatar, ba mu da ja." Lwanyaga ya fara washe haƙoran nan nasa. "Saura batun kujera. Kai da kanka ka gaya mana, mutumin da ko yatsunsa ba ya iya ƙirgawa, ta ina za mu ba shi farfesa?"