Mu Mutanen Kufan Tudun Sambo Muna Gaisuwa

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Ofishin Tattara Tarihin Ƙauyuka da Ƙawata Karkara.

Ranka shi daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka, da iyalinka, da haziƙan ma'aikatanka, Allah shi ƙara girma, shi sanyaya ofis.

Sunana Ya'ƙub Gado. Na karantar da yaran firamare shekara talatin da ɗaya a Karaye da Mungadi, yanzu na koma gida ina noman gero da albasa. Gidan nawa yana Tudun Sambo ta ƙasar Maiyama, garin da littafin ofishinku, shafi na sittin da huɗu, ya ce ya watse shekara hamsin da suka wuce, ba kowa cikinsa sai gafiya da mujiya. Ina neman afuwa da na rubuto daga inda ba kowa. Mutanen gari ne suka matsa mani, su ɗari uku da goma sha bakwai, don ni ne mai alƙalami.

Tunda ofis bai samu sukunin jin tarihinmu daga bakinmu ba, ga shi a taƙaice. Kakanmu Sambo maƙeri ne, mazaunin fadama. Wata shekara gulbi ya cika ya kwashe masa maƙera da rumbu biyu, ya rantse ba zai sake kwana inda ruwa ke iske mutum ba. Ya haura wanga tudu da iyalinsa da jakai bakwai. Allah ya karɓi rantsuwarsa fiye da yadda ya roƙa, don sai da ya yi wata bakwai yana saran marmara kafin ya ga danshi. Rijiyar tana nan, gaba arba'in, ita muke sha har yau. Daga bakinta mutum na hango ƙurar motocin da ke zuwa kasuwar Jega, da koren albasar fadama shimfiɗe kamar darduma. Iska gare mu, sauro kuwa sai baƙo. Gonakinmu na ƙasa, gidajenmu da kaburburan iyayenmu na sama.

Ga 'yan koke-kokenmu, in an yarda kufai shi yi kuka.

Na ɗaya. Muna jinjina wa salon binciken ofis. Shekara uku ke nan, da kaka, jami'anku biyu suka iso gindin tudu cikin farar mota. Hawan tudun rabin sa'a ne ga mai ƙafa, su kuwa takalmansu sababbi ne. A ranar an yi kokawa a garinmu. Sai ga Yari, wani mahauci daga Jega da ya kawo balangu wurin wasan, yana gangarowa da tirensa. Suka tambaye shi, “Mutanen sama fa?” Ya ce, “Ai an watse.” Suka rubuta, suka juya mota. Yari yana da rai, yana nan layin mahauta na Jega, kuma duk wanda ya tambaye shi zai rantse masa taron kokawa yake nufi. Abin da muka kasa ganewa shi ne shekara hamsin ɗin. Yari bai faɗe ta ba. Ko kyauta ce daga ofis, irin gyaran da mai awo ke ƙara wa mai saye?

Na biyu. Mun gode da allon ƙarfe da aka kafa a gindin tudu, mai cewa “Kufan Tudun Sambo, Wurin Tarihi.” Tun da Sambo ya haura, shi ne aikin hukuma na farko da ya iso gare mu, kuma an yi shi da kyau, jakanmu na shan inuwarsa. Bara ya jawo muna ɗalibai cike da bas, sun zo ganin kufai. Suka iske matata Rakiya tana surfe. Wata yarinya mai ladabi ta tambaye ta ko ofis ne ya ɗauke ta aiki don ta nuna yadda mutanen da ke rayuwa. Rakiya ta miƙa mata taɓarya ta ce ta taɓa tarihi da hannunta.

Na uku. Littafinku ya fi mu ƙafa, duk ofishin da muka je mun tarar ya riga mu. Malaminmu ɗaya tilo, Malam Ammar, an mayar da shi wani gari, don ba a barin malami yana karantar da mujiya. Yara arba'in da shida yanzu ni nake tara su ƙarƙashin tsamiya, da idona da ya fara hazo. Famfon burtsatse da aka rubuta da sunanmu an ba maƙwabta, Allah shi sa su sha lafiya. Zancen gyaran hanya kuwa an soke shi, abin da ya yi wa masu ɗorin Aliero daɗi, don ba a wata biyu ba mu kai masu wanda ya gangaro tare da buhun albasarsa ba. Shin akwai wani littafi da aka taɓa bi da biyayya irin wagga?

Na huɗu. Sau huɗu muna zuwa ofishinka, ni da Maigari Aliyu, dattijo mai ciwon gwiwa. Ba mu samu ganinka ba, kullum kana taro kan ci gaban karkara. Wani jami'i mai fara'a ya ce mu kawo takarda daga maigari mai tabbatar da akwai mutane a garin. Na nuna masa maigari, ga shi tsaye da rawaninsa. Ya ce takarda aka ce, ba mutum ba. Muka koma muka kawo takarda da hatimi. Ya duba, ya buɗe shafi na sittin da huɗu, ya ce cikin tausayi kufai ba shi da maigari, don haka hatimin na bogi ne, amma saboda furfurarmu ba zai kira 'yan sanda ba. Muna roƙon a isar masa da godiyarmu.

Na biyar, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Da yake ba kowa a tudun, an ba wani Kamfanin Tsakuwa Mai Albarka izinin fasa shi ya kwashe marmara. Mu ba a gaya muna ba, wa za a gaya wa? Ranar wata Talata da hantsi muka ji ruri, sai ga katafila tana cin gindin tudu, daidai hanyar da ke bi ta maƙabarta. Maza duk suna fadama wurin ban ruwa. Wadda ta fara sauka ita ce Inna Amariya, jikar Sambo ta ƙarshe da ta rage, mai shekara casa'in da ɗoriya, wadda ta yi shekara goma ba ta taka ƙasan tudu ba. Mata biyu suka riƙo ta, ta uku ta ɗauko mata kujera 'yar tsugunno. Ta sa aka ajiye kujerar gaban bakin katafila, ta zauna, ta gyara lulluɓi.

Direban, wani magidanci mai suna Zayyad, ya kashe inji ya sauko. Ya ce, “Inna, daga ina?”

Ta ce, “Daga ɗakina, ɗana. Kai mi ka zo yi?”

Ya ce an gaya masa ba kowa a sama.

Ta ce, “To taho ka gani. Amma kai za ka kama ni, ƙahwahuna sun gaji.”

Haka ya haura da ita tana dafe da kafaɗarsa, mata na biye. Ta nuna masa kabarin Sambo, da na mijinta, da na 'ya'yanta huɗu, da ɗan filin da ta keɓe wa kanta. Ta sa aka jawo masa ruwan rijiya ya sha. Da muka hauro daga fadama da gudu, fartanya a hannu, mun zo da shirin faɗa, sai muka iske shi zaune kan tabarma yana shan fura, idonsa ja. Ya ce shekara goma sha tara yana tuƙin katafila, bai taɓa tone uwar wani ba, ba kuma zai fara yau ba. Ya juya da injinsa. Kamfani ya kore shi a makon. Yanzu lodin albasa yake yi a tashar Aliero, yana da 'ya'ya biyar. Ranka shi daɗe, cikin duk ma'aikatan da takarda ta aiko muna, shi kaɗai ya hau tudun ya duba, shi kaɗai kuma aka hukunta.

Inna Amariya ba ta sake tashi sosai ba bayan wannan saukar. Ta rasu bayan kwana ashirin da shida, muka sa ta inda ta nuna. Mutum fiye da ɗari biyar suka yi mata salla, har da maƙwabtanmu na ƙauyen Kashin Zama. Kamfani kuma ya aiko cewa bayan Babbar Salla zai dawo da wani direba, wanda aka tabbatar ba shi shan fura.

Don haka muke roƙo, cikin ƙanƙan da kai, a aiko mutum ɗaya mai tsohon takalmi shi hau shi ƙirga mu. Za mu tsaya a layi, ba za mu motsa ba. In kuwa bayan ƙirga ofis ya tabbatar ba mu nan, a sanar da mu a rubuce, don mu daina wahalar noma.

Abu na ƙarshe, shawara nake nema. Jikata Shafa'atu ta sauka ranar Lahadi, an samu mace, mun sa mata Mardiyya. Na je karɓar takardar haihuwa, ma'aikacin ya kai layin da aka rubuta “Wurin Haihuwa”, ya duba jerin garuruwan da ke gabansa, ya ɗaga biro yana kallona. Na ce shi dakata, zan tambayi masana. Takardar tana aljihuna, layin ba kowa, kamar garinmu. Yarinyar dai tana tsotso, kuma tana da murya. Mi za mu rubuta?

Allah shi ja zamaninka, shi ƙara wa ofis basira a kan wadda ya riga ya nuna.

Naka mai biyayya har kullum,

Ya'ƙub Gado,
Tsohon malamin makaranta,
A madadin waɗanda suka watse,
Tudun Sambo.