Ranar da Na Mayar da Kulkin Ramon

Ba zan taɓa mantawa da sanyin da ya biyo bayan gasar ƙwallon ƙafa ta duniya da aka yi a nan Doha ba. Baƙi sun watse, aiki ya lafa a kamfanin da nake gadi, sai 'yan Filifin da muke aiki tare suka koma wasansu na safiyar Juma'a a wani fili da ke Al Gharrafa. Besbol suke ce masa. Wani ya jefo maka ƙwallo mai tauri kamar goriba, ka doke ta da kulki, ka yar da kulkin, ka ruga ka taka wata alama kafin a riga ka kai ƙwallon can. Da na kalla sai na ce wa kyaftin ɗinsu Ramon, dattijon da ke gyara mana lantarki, ai ni da na girma ina faskare a Funtuwa wannan wasan yara ne. (Bakina ya daɗe yana ja mini, ban daddara ba.)

Suka sa ni. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ban doki komai ba sai iska. Akwai wani allo da suke rubuta sunan kowa da yawan bugunsa. A lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙi da kyar, kuma nan ne na fara karanta sunana a wajen aji ba wanda ya taya ni. Na yi murna har sai da na ga abin da ke gabansa: sifili uku reras.

Ramon mutum ne mai haƙuri. Ya kai ni wani keji na raga inda inji ke jefo ƙwallo. Jama'a, na ga ikon Allah! Ka ji "fit", ka waiwaya ka gan ta a bayanka tana birgima. Na tsaya baki buɗe. Da guntun Turancina da guntun Larabcinsa ya fahimtar da ni cewa itace jiranka yake yi, ƙwallo ba ta jira. Kada in ɗaga kulki sama kamar gatari. In kafa ƙafa, in juya ƙugu, hannu ya biyo baya, kuma in daina rufe ido. (Wallahi ban san ina rufewa ba.) Sannan ya faɗa mini abin da har yau nake juyawa a raina: gwanayen duniya, waɗanda ake biya don wannan wasa, in sun samu uku cikin goma ana kiransu gwanaye. Wato mutum ya faɗi sau bakwai a ci gaba da yi masa tafi! Ban taɓa jin sana'a mai rahama irin wannan ba.

A keji na fara taɓawa kaɗan kaɗan, amma a fili shiru. Kafin wasan ƙarshe Ramon ya gaya mini gaskiya: in ban buga ko ɗaya ba, wani ɗan Nepal zai karɓi gurbina, ni in koma ɗaukar kular ruwa. Ni kuwa na riga na cika ɗakinmu na unguwar Fereej Abdel Aziz da labari, don haka Sabi'u direba, ɗan Kano mai bakin tsiya, ya biyo ni da wayarsa.

"Kawu, ka dai bari iskar ta huta yau," in ji shi. "Ita ma 'yar wani ce."

Aka zo ƙarshen wasa, ana binmu da ci ɗaya, mutanenmu biyu na tsaye a kan alama suna jiran in buga su ruga su shigo a ƙirga mana ci biyu, kuma in na kuskure sau uku za a fitar da ni, an tashi ke nan. Ramon ya buɗe jakarsa ya ciro wani kulkin katako da ya sha hannu har ya yi sheƙi. Na mahaifinsa ne marigayi, ba ya ba kowa. Ya miƙo mini. Na karɓa da bismilla.

Ta farko ta wuce. Ta biyu ta wuce. Ta uku na buɗe ido, na juya ƙugu.

Ƙarar da na ji ba ta yi kama da komai ba, kuma hannuna bai ji nauyi ko kaɗan ba. Ƙwallon ta tashi, ta ƙanƙance, ta yi fari a cikin shuɗin sama kamar balbela. Na tsaya ina cewa Subhanallahi. Ashe ni ma zan iya yin wannan da hannuna?

"Yalla! Yalla!" Fili ya ɗauka, wato in yi maza. Sabi'u na ihu, "Kawu, gudu! Yar da sandar!"

Na san ƙa'ida sarai. Amma hannuna ya ƙi. A gidanmu ko fartanya ka aro ba ka jefar da ita, balle gadon uban wani. Sai ga ni, da furfurata, na juya wa alamar baya, na taka a natse zuwa wurin Ramon, na share kulkin da gefen rigata, na ɗan rusuna na miƙa masa da hannu biyu. Har da "na gode".

Ramon bai karɓa ba. Hannayensa biyu na kansa. Kafin in juya an ɗauko ƙwallon daga jikin katanga, an jefo, an taka alamar. Alƙali ya ce, "Khalas," wato an gama. Tunda ban kai ba, shigar mutanenmu biyu ma ba ta ƙirgu ba.

Sabi'u ya kwanta a ƙasa yana riƙe da ciki. "Kawu mai amana! Da ka tsaya ka nannaɗe ta a leda mana!"

Kafin sallar Juma'a bidiyon ya isa Funtuwa. Uwar 'ya'yana ta aiko da saƙon murya tana cewa ita dai ba ta gane wasan ba, amma ta ga na fi kowa ladabi.

Na koyi cewa ladabi ma yana da lokacinsa, wani lokacin sai an fara gudu tukuna. Abin da ya salwanta a safiyar nan: wasa ɗaya, ci biyu, gurbina, da bugu mafi kyau da na taɓa yi, wanda ba a rubuta shi ko'ina ba.