Kaka Tobias Ya Auna Kwamfuta da Tafin Hannu

"...ya kuma ƙafar? Har yanzu tana kukan nan nata irin na tsohuwar ƙofa?"

"Lafiya lau, amarya. Ƙafata dai ta fi bakinki samun hutu."

Haka Cynthia da kakanta Baba Tobias suka gaisa a ƙofar shagon Sirajuddeen mai kayan kwamfuta, da hantsin ranar Talata. Duk Mayo Gwoi an san su, in suka haɗu ko kajin unguwa sai sun tsaya kallo. Ita dai ba wasa ya kawo ta ba. Wata goma tana kitso tana tari don ta haɗa kwamfutar tebur da hannunta, guntu-guntu, yadda ta koya a shagon hoton da ta yi wa aiki. Ga shi ta samu aikin farko nata na kanta, bidiyon bikin wasu 'yan Sunkani, kuma Asabar za su zo karɓa. Kuɗin cif-cif yake. In ta sayi abin da bai yi ba, babu na sakewa. Shi kuwa tsohon, da ya shekara arba'in yana sarin doya a garin Mutum Biyu, ba wanda ya gayyace shi. Labari ya ji, ya biyo sawu.

"Wai wa ya aiko ka ne, Kaka?"

"Ni in bar matata ta shiga kasuwa ita kaɗai? Cinye ki za su yi."

"Mijin da haƙoransa huɗu ne zai cece ni?"

"Huɗun nan sun tauna naman da ko a hoto ba ki taɓa gani ba. Wuce mu je."

Cynthia ta zaro takarda ta shiga karantowa, Sirajuddeen yana jerawa a kan tebur. To shi Baba Tobias ɗabi'a ce da shi, ko jariri aka miƙa masa sai ya ɗaga ya ji nauyinsa, kamar doya. Ya ɗauki furosesa ya jijjiga a tafin hannu.

"Wannan fa?"

"Ƙwaƙwalwar kwamfutar ke nan. Ajiye, don Allah."

"Ƙwaƙwalwa kamar biskit? To ai daidai da taki aka ƙera ta." Ya kai hannu kan ram guda biyu. "Kai! Wata goma kina yi wa mata kitso, a ƙarshe ki sayi mataji biyu marasa haƙora?"

"Marasa haƙora, ka ga 'yan'uwanka. Gaishe su ka ajiye. Su ne za su hana bidiyo ya riƙa tsayawa yana tunani, kamar kai in an tambaye ka shekarunka."

Da aka zo kan wurin ajiyar aiki, Sirajuddeen ya fito da iri biyu: wani tsohon yayi mai kauri, da wani siriri da Cynthia ta kira SSD. Tsoho ya auna su, ya rungume mai kaurin.

"Ga kaya! Wannan za mu saya. Ya fi girma, ya fi araha. Wancan kuwa iska ce a leda."

"Ba zan saya ba."

"Yarinya, doya ƙarama ba ta taɓa fin babba kuɗi."

"Ba doya na zo saya ba. Wannan naka irinka ne, kafin ya tashi da safe sai an yi masa addu'a. Malam Sirajo, faɗa masa."

"Baba, ƙaramin ya fi gudu nesa ba kusa ba," in ji mai shago.

"Ta saye ka ne. Za ta yi wa matarka kitso kyauta."

Ya kuma nace a kan wani akwati mai gilashi da fitilu kala-kala, wai kamar motar amarya. Cynthia ma ta kalle shi sau biyu, ta haɗiye miyau, ta nuna baƙin akwati na hannu mai ɗan tabo a gefe.

"Wannan. Fitila ba ta gyara bidiyo."

"Mummuna ya samu mummuna," in ji kakan. "Allah ya bar ku tare."

Saura abu biyu: sikirin, allon da za ta riƙa ganin aiki, da fawa-fak, wato abin da ke raba wa kayan ciki wuta. Cynthia ta duba takarda, ta duba jaka. In za ta sayi sikirin, sai dai ta ɗauki fawa-fak mafi araha. Ta ce a ba ta shi. Kafin ta taɓa, tsoho ya riga ya cafe.

Ya ɗaga sau ɗaya. Ya sake ɗagawa. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Babu kowa a gidan nan."

"Kaka, na gaji. Ajiye mu tafi."

"Na ce fanko ne. Sirajo, ba ka da wani?"

Aka miƙo masa wani. Hannunsa ya ɗan yi ƙasa. Ya gyaɗa kai.

"Yauwa. Wannan ya ci ya ƙoshi. Kin tuna firijin kakarki? Na sayo sitabilaiza mara nauyi saboda araha. Ranar da aka kawo wuta da ƙarfi, shi da firijin tare suka tafi, har da naman Kirsimeti. Wata uku ana ba ni tuwo ba magana. Abin wuta in ba nauyi, ba waya a ciki."

Cynthia ta juya ga mai shago, tana jiran ya sake kayar da shi. Sirajuddeen ya sosa ƙeya.

"Gaskiya a nan Baba ya fi kusa da daidai. Mai arahan nan in wuta ta yi tsalle, ba kullum yake mutuwa shi kaɗai ba. Wani sa'in da sauran kayan yake tafiya."

Ta kalli kayan da ke jere a kan tebur. Wata goma na tsayuwa a kan kawunan mutane, a ce ƙiftawar wuta ɗaya ta kwashe.

"Ko ki mayar da ram ɗaya," in ji Sirajuddeen, "sai kuɗin ya kai."

"Ba mai taɓa mini ram. Ba ni mai nauyin. A bar sikirin."

"To da me za ki ga aikin?" in ji kakan. "Da ƙeya?"

"Ko gida-gida ne zan bi in nemi aro. Asabar dai sai na ba mutane bidiyonsu."

Tsoho ya kalle ta sama da ƙasa, ya yi tsaki.

"Matata tana yawon aro a Jalingo, ina raye? Sirajo, talabijin ɗin nan shafal da Barnabas ɗana ya kawo mini, zai shiga jikin wannan mummunan akwati?"

"In yana da ramin waya a baya, zai shiga, Baba."

"Ramuka gare shi kamar gidan gara. Amarya, je ki ɗauka."

Cynthia ta buɗe baki. Talabijin ɗin da ko gogewa ba ya bari a yi, shi da kansa yake lulluɓe shi da zani.

"Kaka, da gaske?"

"Da sharaɗi biyu. Asabar ƙarfe huɗu akwai ƙwallo, ki gama kafin nan. Sannan a ƙarshen bidiyon ki rubuta Injiniya Tobias."

"Injiniyan doya?"

"Rubuta yadda kika ga dama. Amma faɗi a gaban Sirajo, wa ya cece ki yau?"

Ta yi ta maza ta ƙi, dariya ta ci ƙarfinta. Ta ɗan rusuna.

"Mijina mai haƙori huɗu. Useko, na gode, angona."

"Ƙara ɗaga murya, kunnen ma ɗaya ya rage."

Ta ɗora masa fawa-fak ɗin a hannu.

"Tunda nauyi kake so, riƙe har gida."