Gawayin Ɗakin Fatu

Shekarar da Turawa suka fara sayen fatu a Dutse, kukun wani Bature ya gaya mini gawayi yana shan wari. Na jibge kwando guda a ɗakin fatuna, wari kuwa ya ragu. Na dinga yi wa mutane bayani kamar ni na ƙirƙiro gawayi.

Da surukina ya zo daga Kiyawa, wannan gawayin na hura masa a kasko, har da turare. Ashe ajiya gawayin ya karɓa. Yana jin wuta ya dawo da amana cif.

Surukin nawa ya daure, can ya ce, “Malam, akuyar nan ta daɗe da rasuwa?”

Har yau in na shiga zaure sai a ce, “Ga mai turare, ku matsa bakin ƙofa.”