Yadda Za Ka Gyara Kwamfutar Makaranta Ba Tare da Ta Tashi Ba

Wannan darasi naka ne, kai malamin kwamfuta da ka yi shekara da shekaru kana koyar da ita da alli, ba ka taɓa ɗora mata yatsa ba, kwatsam sai ga wani ɗan gari mai son alheri ya aiko wa makarantarku da guda ɗaya. Kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka yi ritaya da sunanka na gwani, ita kuwa ko ƙifta ido ba za ta yi ba. Na koye su ne daga Malam Nababa, malamin kwamfuta a ƙaramar sakandaren wani ƙauye tsakanin Bici da Kunci, mutumin da ya fi kowa iya zana maus, wato ɓeran kwamfuta, a allo, har da wutsiyarsa.

1. Yi godiya a zuci, ɓata rai a fili

Wadda aka aiko wa su Malam Nababa tsohuwa ce, irin wadda fuska da ciki suke haɗe wuri guda kamar talabijin. Alhaji Kamaruddeen, ɗan garin da ya yi arziki a Abuja, shi ya aiko ta daga ofishinsa. Ranar da aka jona ta a injin mai cajin waya, rabin gari na leƙe ta taga. Tsoro ya kama Malam, don ya san tana kawo haske za a ce ya nuna, shi kuwa iliminsa a bakin allo ya tsaya. Ya laluba har ya dace da maɓalli, ya danna. Ta yi ƙit-ƙit, fanka ta juya, ta yi shiru. Daɗi ya kama shi har cikin ƙashi, amma sai ya haɗe fuska, ya girgiza kai, ya ce, “Abin da na ji tsoro ke nan.” Kai ma haka za ka ce. Ba wanda zai tambaye ka mene ne abin.

2. Ɗora wa wuta laifi

Wuta ba ta da dangi a ƙauye, zarge ta son ranka. In inji ne, ka ce ya yi mata ƙarfi. In an kai ta solar asibiti, ka ce ta yi mata sanyi. In wani mai shisshigi ya samo sitabilaiza, juya ta sama da ƙasa ka ce ba ƙasarsu ɗaya ba. Da wannan kaɗai Malam Nababa ya lallaɓa har damina ta sauka, hankalin iyaye ya koma gona.

3. Kwance ta, amma a gaban jama'a

Sayi sukundireba ka soke a aljihun gaba, kusa da biro. Gwani na gaskiya ba ya aiki inda ba mai kallo, don haka jira lokacin tara, sa'ad da malamai suka cika ofis. Cire murfin baya, hura ƙura, tsura wa cikin ido kamar kana karanta wani abu. Kada ka taɓa komai, musamman ɗan siririn fallen nan kore da ke maƙale a gefe.

Da Malam Nababa ya buɗe tasu, zanzaro ya riga ya yi gini a ciki. Malama Kaltume mai koyar da Hausa ta leƙo ta ce, “Malam, wannan ba gidan zanzaro ba ne?”

“Haka yake kama,” in ji shi. “Ai daga nan Turawa suka kwaikwaya.” Ya mayar da murfi ya ɗaure.

4. Nemi abin da babu

Ce sai an samo wani ƙarfe daga Kano. Ba shi dogon suna, ka aiki wanda ya fi kowa mantuwa. In tsautsayi ya sa ya dawo da wani abu, ɗaga shi a hasken rana ka yi tsaki, ka ce wannan na namiji ne, taku kuwa mace ce.

5. Kada ka kuskura ka ɗora ta a babur

A nan Malam Nababa ya yi sake. Alhaji Kamaruddeen ya zo gida ganin dangi, ya ce yana so ya ga kyautarsa a zauren dagaci. Malam ya naɗe ta da zane, ya ɗaure a bayan babur, ya bi burtalin da ruwa ya cinye. Rami ya jefa ta sama, rami ya cafe. Ashe duk abin da hanyar Abuja ta girgiza ya goce, hanyar ƙauye ta girgiza ya koma mazauninsa.

Kafin manya su iso, shi da firinsifal Malam Abdulhadi suka jona ta a zaure. Malam Nababa ya danna maɓalli da ƙwarin guiwar wanda ya san ba abin da zai faru. Sai ta kawo haske, shuɗi tar, har da ɗan kiɗa. A waje ga ƙarar motar Alhaji, ga sallamar dattawa. Tsoro irin na ranar bai taɓa jin sa ba, har ya hango yara suna bin sa da waƙa a kasuwa.

6. Duba fuskar shugabanka

Kada ka zaci kai kaɗai ne a cikin ruwa. Malam Abdulhadi yana da takardar shaidar kwas ɗin kwamfuta rataye a ofis, kwas ɗin da ranar rabon takarda kawai ya halarta. Ya daɗe yana kallon hasken nan. Sannan ya miƙa ƙafa a hankali, ya zare fulogi da babban yatsa, ya tura shi ƙarƙashin tabarma.

“Malam Nababa, ba ta tashi ba ko?”

“Ba ta tashi ba, ranka ya daɗe.”

“Allah sarki. Ka dai yi iya ƙoƙarinka.”

Manya suka shigo. Malam Nababa ya danna, ya sake dannawa, shiru. Firinsifal ya ba da labarin irin wahalar da bawan Allah ya sha a kanta, har dagaci ya sa masa albarka. Kunya ta kama Alhaji. Ya riƙe hannun Malam Nababa ya ce, “Laifina ne, Malam. Gwani irinka bai kamata a ba shi gawa ba. Ina komawa zan aiko da sababbi fil, a kwalinsu, cike da aji. Ranar buɗewa kuma ni da kaina zan zauna a gaba ka koya mini.”

Sanarwa

Matakan nan na tsofaffi ne kurum. Sababbi tashi suke yi, kuma ba ruwana da wanda ya yi gwaninta har ta wuce gona da iri. Duk abin da ya same ka, ban san ka ba, ba ka san ni ba. Motar kayan Alhaji tana hanya. In ka je masallacin garin ka ji kowa na roƙon ruwa ya ɗauke a yi girbi, mutum ɗaya a sahun baya yana roƙon a ƙara ko kwalbatin shiga gari ya karye, gaishe shi ka wuce, kada ka ce ni na nuna maka shi.