Jikan Bauna a Tamawa

Tunda na gani a waya Turawa na haɗa saniya da bauna su samu nama jibgi, na kasa zama. Na sayo wani baƙin bijimi a kasuwar Dutsin-Ma, dillali ya rantse jikan bauna ne. Na tara mutanen Tamawa su ga uban sabon iri, ina ta gargaɗi: "Ku ja baya, naman daji ne!"

Sai ya fizge igiya. Kowa ya watse, ni har da haye katanga. Shi kuwa ya taka a hankali zuwa amalanken maƙwabcina Malam Sule, ya sunkuyar da wuya yana jiran karkiya.

Malam Sule ya leƙa ƙarƙashinsa ya ce, "Alhaji, ai dandaƙaƙƙe ne."

Har yau aikowa ake: "A ba mu aron bauna, za mu kai taki gona."